Muhawara: Alexander Calder, gwanin fasaha ne ko maƙerin da ya taki sa'a?

Malam Mai Zane:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda wannan makon na masu sassaƙa ne, ga nawa gwanin. Jan ƙarfen nan mai dogayen ƙafafu da na ɗora hotonsa, a birnin Chikago yake, tsakiyar baƙaƙen benayen gwamnati. Sunansa Flamingo, tsayinsa ƙafa 53, an buɗe shi a 1974. Mai shi Ba'amurke ne, Alexander Calder, haifaffen jihar Pennsylvania a 1898, ya rasu a New York a 1976. Hoto na biyu kuma irin aikin da ya fi suna da shi ne: fallayen ƙarfe masu launi a rataye da waya, iska na juya su. Kafin zamaninsa in an ce sassaƙa, abu ne mai nauyi da aka dasa wuri ɗaya, kai ne za ka zagaya shi. Shi kuwa ya ɗaga ta sama ya bar ta tana zagaya kanta. Bismillah, a tofa albarkacin baki.

Oga Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Malam da girmanka, amma na farkon nan ai aikinmu ne. A ba ni faranti mai kauri da gas da yara huɗu, ka ga aiki. Don dai Bature ne ya yi shi ake ta kambamawa.

Maman Ilham:
Oga ka riga ni. Wallahi ni na ɗauka gadar sama aka fara kuɗin kwangila ya ƙare.

Malam Mai Zane:
Hajiya kin ba ni dariya. To bari in faro daga gida. Mutumin nan ɗan gado ne gaba da baya. Kakansa, Alexander Milne Calder, daga Sikotland ya yi ƙaura, shi ya yi mutum-mutumin William Penn mai ƙafa 37 da ke ƙololuwar ginin hukumar birnin Filadelfiya. Ubansa, Alexander Stirling Calder, shi ya yi sassaƙen maɓuɓɓugar ruwa ta Swann a birnin. Uwarsa Nanette mai zanen fuskokin mutane ce. Amma da ya tashi karatu sai ya kauce wa sana'ar gidan, ya tafi makarantar Stevens da ke Hoboken ya karanta injiniyancin injuna, ya gama a 1919. Ya yi 'yan shekaru yana buga-buga, har aikin hura wutar tukunyar jirgin ruwa ya yi, ya yi malamin rubuta lokacin leburori a sansanin masu saran katako. Sai a 1923 ya shiga makarantar zane ta Art Students League a New York. Kun ga da burushi ya fara, ba da guduma ba.

Auta:
Malam to yaushe ya koma ƙarfe?

Ɗalibar Damagaram:
Malam a ba ni wannan, don ɓangaren Faransa na fi sani. A 1925 wata jarida da yake yi wa zane ta tura shi ya zano wasan tanti na Ringling, irin wanda ake yi da zakuna da giwaye da masu tafiya kan igiya. Abin ya shiga ransa. Da ya koma Paris a 1926 sai ya fara ƙera nasa ƙaramin, da waya da toton kwalba da tsumma da guntayen katako da roba. Kafin 1931 kayan sun cika akwati biyar.

Akwai bidiyonsa da aka ɗauka ya riga ya manyanta, ku nema ku gani. Ƙaton mutum mai furfura ya durƙusa a ƙasa, yana busa usur, yana sanar da kowane ɗan wasa da wata irin murya. Matarsa Louisa tana gefe tana sauya faifan garmaho. Ya ja zare, doki ya zagaya fili, ɗan tsalle ya tashi sama ya dira daram a bayan dokin. Mai haɗiye takobi ya haɗiye. Mai jifa da wuƙa ya yi kuskure ya soki yarinyar da ke tsaye, sai ga wasu 'yan waya biyu sun shigo da gadon ɗaukar majinyaci sun kwashe ta. Zakin ma sai ya yi kashi a fili, shi kuma Calder ya yi gurnani a madadinsa, sannan ya ɗebo ƙasa ya rufe. Manyan masu zanen Paris na lokacin, su Miró da Léger da Mondrian, sun zauna sun kalli wannan wasa. Ta nan ya san da yawa daga cikin masu zanen birnin.

Auta:
Yaya, wannan ai motar waya ce da muke yi muna yara! Mu lanƙwasa waya, mu yanka silifas mu yi taya, mu sa doguwar sitiyari muna turawa a layi. Ashe da an bar mu da yanzu muna Paris.

Maman Ilham:
Da an bar ku da yanzu ba silifas ko ɗaya a unguwa.

Malam Mai Zane:
Auta ba ka yi nisa da gaskiya ba, hannun ɗaya ne. Shi dai bai daina ba, kuma ya samu masu kallo da suka ɗauki abin da muhimmanci. Kayan wasan nan yanzu suna gidan adana zane na Whitney a New York. Da aka so sayar da su a farkon shekarun 1980, gidauniya aka kafa, jama'a har da 'yan makaranta suka yi karo-karo aka tara dala miliyan 1.25 don kada su bar birnin. A shekarun Paris ɗin ne kuma ya riƙa yin fuskar mutum da waya zalla, filaya na aljihunsa duk inda ya je. Ya yi Josephine Baker, mai rawar nan, fiye da sau ɗaya, ya bar gaɓoɓin sakwa-sakwa yadda in an taɓa sai ƙugun ya kaɗa.

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Ni tambayata ɗaya, ba don in ɓata hira ba. Mu da muka san hukuncin surar abu mai rai, ina matsayinmu a yabon mai yin mutum-mutumi? Kada garin sha'awa mu zarce.

Malam Mai Zane:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayarka a kan hanya take. Fatawa ta malamai ce, ba zan sa baki ba. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda aikin yake. Na kakansa da na ubansa surar mutane ce ƙarara. Nasa na farko ma haka, mutane da dabbobi na waya. Amma daga 1930 abin da ya yi suna da shi ya bar sura: da'ira, alwatika, fallaye masu kama da ganye, baƙi da ja da shuɗi da rawaya. Ko wanda ya raɗa wa sunan tsuntsu ko kifi, galibi in ba a gaya maka ba ba za ka ce ga kai ga ido ba. Bai daina zana mutane da dabbobi kwata-kwata ba, kada in yi masa ƙarya, amma wanda muke magana a kai ɗin nan ba su ba ne.

Baban Khalifa:
To madalla. Na fahimta. A ci gaba, ina saurare.

Injiniya:
Me ya faru a 1930 ɗin da ya juya haka?

Ɗalibar Damagaram:
Ziyara ya kai ɗakin aikin Piet Mondrian, ɗan Holan mai zanen layuka baƙaƙe da murabba'ai masu launi. Ba zanen ne ya kama shi ba, bangon ɗakin ne: fari tas, an manna masa kwalaye masu launi nan da can, haske na shigowa ta tagogi. Calder ya ce masa zai yi kyau a sa waɗannan su riƙa motsi. Mondrian ya ƙi, ya nuna masa zanensa ya riga ya isa da sauri a yadda yake. Calder ya koma gida ya yi 'yan makonni yana zane marar sura da fenti, sai ya ga hannunsa ya fi sakewa da waya, ya koma mata. Na farkon ya sa musu ƙaramin inji ko marfin juyawa da hannu. Mai zane Marcel Duchamp ne ya gani a 1931 ya kira su mobile, wato masu motsi, mai sassaƙa Jean Arp kuma ya kira marasa motsin stabile. Daga baya ya rage amfani da injin, don inji abu ɗaya yake maimaitawa, iska kuwa ba ta maimaita kanta.

Oga Mai Walda:
Duk na ji. Amma har yanzu ban ga wahalar ba. Yanka langa-langa ne a fenta a rataye. Yaron shagona zai yi.

Injiniya:
Oga, a nan kam zan ja da kai, kuma ka fi kowa sanin abin da zan faɗa in ka tsaya. Ɗauki hoto na biyun ka ƙara girmansa. Kowace sanda a rataye take a wuri ɗaya tak, gefe guda falle, ɗaya gefen kuma duk sauran abin da ke ƙasa da ita. Nauyi sau nisansa daga maratayi dole ya zo daidai hagu da dama. Ba daga sama ake farawa ba, daga can ƙarshen jela ake farawa. Ka haɗa ƙananan fallaye biyu a waya, ka ɗora wayar a yatsa kana matsawa har ta tsaya cak, a nan za ka murɗa zobe. Wannan gaba ɗayansa ya zama nauyi ɗaya, ka rataye shi a bakin sanda ta gaba, ka sake neman wurin tsayawarta. Haka har sama. In ka canja falle ɗaya a ƙasa, ko fenti ka ƙara masa ya yi kauri, duk na sama sun karkace.

Wannan ma lissafi ne kawai, ɗan aji biyu a kwalejin fasaha zai yi. Inda gwanintar take shi ne, abu mai hannu goma sha ya juya ta kowace fuska, hannuwan kada su sarƙe, wani ya yi sauri wani ya yi nawa, kuma duk inda ya tsaya ya yi kyau a ido. Mai zane siffa ɗaya yake tsarawa. Wannan yana tsara siffar da ba ta zama ɗaya ko na minti guda. Sannan Oga, ƙananan da ya yi da hannunsa galibi ba walda a jikinsu.

Oga Mai Walda:
Ba walda? To da me ya kama su?

Injiniya:
Huda falle yake yi ya zura wayar ya lanƙwasa ta ta ciji ƙarfen, ko ya sa ribit. Almakashin ƙarfe, filaya, guduma, uwar maƙera, shi ke nan. Ba ya son kayan wuta. Sarƙoƙi da 'yan kunne da warwaro da ya ƙera, sun haura 1,800, su ma bugu ne da naɗi, ba narkarwa.

Maman Ilham:
Yanzu kuka zo inda nake. Har da 'yan kunne? Matarsa ta more. Ni nawa ko maɓallin riga ya tsinke sai an kai wa tela.

Ɗalibar Damagaram:
Hajiya har cokula da matsamin shayi da abin gasa burodi shi yake ƙera mata a gidansu na Roxbury a jihar Connecticut, tsohon gidan gona da suka saya a 1933. Gwangwanin kofi in ya ƙare ba a yarwa, sai ya zama tsuntsu.

Abin da ban so a manta shi ne mutumin ba ɗan wasa kawai ba ne. A baje kolin duniya na Paris a 1937, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, shi kaɗai ne baƙo da aka sa aikinsa a rumfar gwamnatin jamhuriyar Sifaniya. Ya yi maɓuɓɓuga wadda zaiba ke gudana a cikinta maimakon ruwa, zaibar daga mahaƙar Almadén da sojojin Janar Franco, madugun masu yaƙar gwamnatin, ke neman ƙwacewa. A gaban zanen Picasso mai suna Guernica aka ajiye ta. Mutane suka riƙa jefa kwabbai don su ga ƙarfe na yawo a saman zaiba bai nutse ba. Yanzu tana Barcelona a gidan adana zanen Miró, an killace ta da gilashi saboda gubar tururin.

Malam Mai Zane:
Kuma a tsufansa ya tsaya kai da fata kan adawa da yaƙin Biyetnam, har shafi guda shi da Louisa suka saya a jaridar New York Times a farkon 1966. Lambar girma mafi daraja da shugaban Amurka ke ba farar hula, an ba shi ita a Janairun 1977 bayan ya rasu, iyalinsa suka ƙi halartar bikin, suna neman a yi wa matasan da suka ƙi zuwa yaƙin afuwa.

Auta:
Malam ka ce mai zane ne kuma. Ni ban ga zanen ba.

Malam Mai Zane:
Yana da shi da yawan gaske, musamman na fentin ruwa mai kauri a kan takarda: rana ja, da'ira mai naɗi, baƙin layi mai kauri. A gidansa na Saché a Faransa ɗaki guda ya ware wa wannan. Amma in don ra'ayina ne, zanensa bai kama ƙafar ƙarfensa ba. Na ƙarshe-ƙarshen nan da yawa sun yi kama da juna, ka ga ɗaya ka ga hamsin, kuma an buga su a takarda an watsa kasuwa har sun gundure. Da zane kaɗai ya bari da ba ma zancensa yau. Har jirgin sama ya fenta wa kamfanin Braniff a 1973, da motar tsere ta BMW a 1975.

Ɗalibar Damagaram:
Malam ban yarda da kai duka ba. Na 1953 da ya yi a Aix-en-Provence manya ne kuma da rai a jikinsu. Jirgin saman ne ni ma bai kwanta mini ba, talla ce kawai.

Injiniya:
Ni kuwa in za a tambaye ni aikinsa mafi amfani, na Caracas ne a Benezuwela. Babban ɗakin taron jami'ar birnin, rufinsa na dawo da amo, sai aka rataya manyan allunan katako masu launi da ya tsara tare da masana sauti, suna kama da gizagizai. Ado ne kuma gyaran sauti ne a lokaci guda. Tun 1950 da 'yan kai suke aiki.

Oga Mai Walda:
To na sassauta a kan ƙananan, Injiniya ya ɗaure ni da jijiyata. Amma mu dawo kan jan dodon nan na Chikago. Kar wanda ya ce mini tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu ne ya yanka faranti mai wannan kauri da almakashi. Wa ya yi aikin?

Malam Mai Zane:
Maƙera ne suka yi, ba a ɓoye ba. Shi yakan yi ƙaramin samfuri da alminiyon, wanda za ka ɗauka da hannu, ya kai masana'anta su faɗaɗa. A Amurka akwai ta Segre a garin Waterbury, a Faransa ta Biémont a birnin Tours. Yakan je ya duba, ya nuna inda za a ƙara haƙarƙari don kada farantin ya lanƙwashe. Sai a kwance a yi jigila a ɗaure da noti a wurin. Na garin Grand Rapids a jihar Michigan, La Grande Vitesse, tan 42 ne, a Tours aka ƙera shi aka kawo ta ruwa a 1969.

Oga Mai Walda:
Yauwa! Nan nake jira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda suka sha hayaƙi, tartsatsi ya ci musu ido, ina sunansu a jikin abin? Haruffa biyu na gani, C da A. Mu ma haka ake mana. Ka yi wata guda kana haɗa ƙofar gida mai ado, mai gida ya tsaya gaban baƙi yana cewa wai mai zanen gininsa ne ya yi.

Maman Ilham:
A nan ina bayan Oga ɗari bisa ɗari.

Injiniya:
Ƙorafin gaskiya ne, amma a raba shi biyu. A ambaci maƙeran, wannan haƙƙi ne, kuma littattafan da aka yi a kansa suna ambatar masana'antun ko da ba a jera sunan kowane lebura ba. Amma a ce don haka aikin ba nasa ba ne, a'a. Oga ka ce a ba ka faranti ka yi irinsa. Za ka yi, tunda ka gani. Tambayar ita ce da fili ne fetal a gaban baƙin bene mai layuka a miƙe, wa zai ce abin da ya dace a nan shi ne jan abu mai lanƙwasa wanda mutane za su bi ta ƙarƙashinsa su wuce ofis?

Oga Mai Walda:
Wanda aka biya ya zauna ya yi tunani mana. Ni wa ya taɓa biyana kuɗin tunani?

Baban Khalifa:
Wannan magana ta Oga a rubuta ta.

Ɗalibar Damagaram:
Na Grand Rapids ɗin ma da farko mutanen garin irin maganar Hajiya suka yi, wasiƙu suka riƙa aika wa jarida cewa ɓarnar kuɗi ce. Shi ne aikin fili na farko da hukumar tallafa wa fasaha ta tarayya ta sa kuɗi a ciki, dala 45,000, sauran aka tara a gari. Yau shi ne tambarin birnin, har a jikin motocin kwasar shara. A Pittsburgh kuma hukuma ta karɓi wani mai motsi na 1958 ta rataya a filin jirgi, ta sake masa fenti kore da ruwan gwal don ya dace da launin ƙaramar hukumar, ta hana shi juyawa yadda aka yi shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma sai bayan rasuwarsa aka mayar da shi baƙi da fari.

Malam Mai Zane:
Bari in ƙara wa Oga makami, don adalci. Babban mai motsin da ke rataye a ginin gabas na gidan zane na ƙasa a Washington, faɗinsa ƙafa 76. Da aka lissafa shi da ƙarfe sai aka ga ya yi nauyin da iska ba za ta motsa shi ba. Paul Matisse, jikan mai zane Henri Matisse, shi ya sake tsara shi da alminiyon mai ramuka a ciki irin na kayan jirgin sama, ya dawo kilo 400 da ɗoriya. Calder ya amince da tsarin, ya rasu ranar 11 ga Nuwamba 1976, makonni kaɗan bayan buɗe babban baje kolin ayyukansa a Whitney, aka rataya abin a 1977. Bai taɓa ganinsa a sama ba. To na wa ne?

Oga Mai Walda:
Na Paul ne.

Injiniya:
Na Calder ne, Paul ya cece shi.

Oga Mai Walda:
Injiniya kai dai ba ka son a ce mai dattin hannu ya yi nasara. Mu bar shi a haka, magariba ta yi. Amma Malam, in akwai hoton da ya nuna zoben nan kusa-kusa, inda sanda ke shiga sanda, turo mini ta akwatin sirri. Ina da ragowar langa-langa a shago, ina so in ga ko murɗi ɗaya yake yi wa wayar ko biyu.